Gero, Wake da Lissafin x da y

Yau za mu taɓa lissafin nan da ke firgita 'ya'yanmu a sakandare, wanda ake ba su layi biyu a ce su nemo x da y. Yana yawan fitowa a WAEC da NECO, kuma yarinyar da ta faɗi lissafi, shiga jami'a kan yi mata wuya.

To ke uwa, kin iya shi. A ce mudu biyu na gero da ɗaya na wake naira 5,000 ne. Mudu biyu na gero da uku na wake kuwa 9,000. Gero bai motsa ba, ko? Wake ne ya ƙaru da mudu biyu, kuɗi ya ƙaru da 4,000. Ashe mudun wake 2,000 ne. Cire shi daga 5,000, saura 3,000, gero ke nan 1,500 kowane mudu.

Inda yara ke tuntuɓe shi ne in geron layukan bai zo daidai ba. Sai an ninka layi ɗaya gaba ɗayansa, har da kuɗin, sannan a debe. Kuɗin nan suke mantawa. Ki ce mata ta mayar da amsarta cikin layi na biyu ta gwada kafin ta miƙa takarda.