Daga quatre-vingt-dix-sept zuwa deviņdesmit septiņi: yadda ake fassara lambobi tsakanin Faransanci da harshen Latbiya

Latbiya ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Baltik, a arewacin Turai. Babban birninta Riga, kuma jama'arta ba su kai miliyan 2 ba. Ta shiga Tarayyar Turai a ranar 1 ga Mayu 2004, tun daga lokacin harshenta ya zama ɗaya daga cikin harsunan aiki na Tarayyar, waɗanda yanzu suka kai 24. Kotun Tarayyar da ke Luksamburg kuwa da Faransanci alƙalanta ke shawara su rubuta hukunci, daga baya a fassara shi zuwa sauran harsuna. Saboda haka akwai masu fassara da aikinsu na yau da kullum shi ne mayar da Faransanci zuwa harshen Latbiya, cikin takardun da ke ɗauke da tara, wa'adi da kuɗaɗe. A irin wannan aiki, lamba ɗaya da aka kuskure tana iya sauya hukunci.

Matsalar farko tana cikin tsarin ƙirgar. Harshen Latbiya goma-goma yake tafiya ba karkata. Goma ita ce desmit, bakwai septiņi, saba'in kuwa septiņdesmit. Haka astoņdesmit (80) da deviņdesmit (90). Wanda ya san tsohuwar ƙirgar Hausa ta gomiya bakwai da gomiya takwas, kafin saba'in da tamanin su shigo daga Larabci, zai gane wannan nan take. Daga 11 zuwa 19 ma akwai kama da "sha" namu: vienpadsmit, divpadsmit, wato ɗaya a kan goma, biyu a kan goma.

Faransancin Faransa yana bin goma-goma ne har zuwa 69, daga nan ya sauya hanya. Saba'in ita ce soixante-dix, sittin da goma. Tamanin quatre-vingts, ashirin sau huɗu. Ita kuwa 97 sai an yi lissafi: quatre-vingt-dix-sept, ashirin huɗu da goma sha bakwai. Wannan ragowar tsohuwar ƙirga ce ta ashirin-ashirin, wadda har yau ake ganin sawunta a sunan asibitin Quinze-Vingts na birnin Paris, wanda Sarki Louis na 9 ya kafa a ƙarni na 13 domin makafi 300, wato ashirin sau goma sha biyar.

Ga mai fassara a rubuce wannan ba wani abu ba ne. Tafinta ne ke shan wahala, wanda yake fassara magana a daidai lokacin da ake yin ta. Idan ya ji quatre, ba zai iya buɗe baki ba, don bai sani ba ko 4 ce, ko 80, ko 97, ko 400. A harshen Latbiya 4 četri ce, 97 kuwa deviņdesmit septiņi, ba su haɗa ko da sautin farko ba. Shi ya sa ake koya wa tafintoci su rubuta lambar a takarda da alƙaluma kafin su faɗe ta. Duk wanda aka taɓa karanto wa lambar waya da Faransanci a Yamai ko Garwa, ya rubuta 80 17 a maimakon 97, ya san wannan tarko. Sannan Faransancin ma ba ɗaya ba ne: wakilin Beljiyam zai ce septante da nonante, kamar yadda ake faɗa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, a wasu yankunan Suwizalan kuma har da huitante.

A ɗaya ɓangaren, harshen Latbiya yana da nasa wahalar, ta nahawu. A Faransanci ɗaya ce kawai ke bambanta namiji da mace, un da une. A harshen Latbiya kusan duk lambobi daga 1 zuwa 9 suna sauya siffa: divi brāļi, ƴan'uwa maza biyu, amma divas māsas, ƴan'uwa mata biyu. Sunan da ke bin lamba shi ma yana sauyawa. Shekara 21 ita ce divdesmit viens gads, da tilo, alhali Faransanci jam'i yake sawa, vingt et un ans. Shekara 22 ta koma jam'i, divdesmit divi gadi. Bayan goma da ashirin kuwa, ingantaccen rubutu yakan ɗauki wata siffa ta uku, gadu. Ke nan mai fassara ba zai iya rubuta lamba da kalmomi ba sai ya san abin da ake ƙirgawa.

Kuskure mafi tsada yana wajen manyan lambobi. Harsunan biyu sun yi daidai a million da miljons, da kuma milliard da miljards. Daga nan suka rabu. Tun dokar 1961, billion a Faransanci na nufin miliyar dubu. Wannan adadi a harshen Latbiya triljons ne. Wanda ya ga triljons ya rubuta trillion da Faransanci ya ninka kuɗin sau miliyan ɗaya. Masu karanta labaran Najeriya su lura: biliyan ta Kano ita ce miliyar ta Maraɗi, tiriliyan ta kasafin kuɗin Abuja kuma mille milliards ce.

Lokaci da kwanan wata ma suna da nasu tarko. Sept heures et demie, bakwai da rabi, a harshen Latbiya pusastoņi ce, wato "rabin takwas". Wanda ya ji takwas ya ɗauka takwas da rabi ce, zai makara da awa guda. Quinze jours na Faransanci mako biyu ne, ba kwana 15 cif ba. Ranar da Latbiya ta fara amfani da kuɗin yuro, le 1er janvier 2014, ana rubuta ta 2014. gada 1. janvāris: shekara ce a gaba, kuma ɗigon da ke bayan lamba yana nufin "na" ko "ta", kamar a "na ɗaya". Idan aka manta ɗigon, ma'ana ta sauya.

Bahaushen ƙasashen sefa yana yin irin wannan aiki kullum a kasuwa. Cent francs dala ashirin ce, cinq cents francs dala ɗari, mille francs jika guda. Wanda ya fassara cent da ɗari ya biya kuɗin sau biyar. Ƙa'idar da mai fassara a Luksamburg ke bi ita ce ta ɗan kasuwar Damagaram: a fara gano adadin, a rubuta shi da alƙaluma, a tabbatar da abin da ake ƙirgawa, sannan a nemi yadda ɗaya harshen ke faɗarsa.