Mary Slessor Kafin Kalaba: Abin da Ke Tayar da Yaron da Aka Cuta a Gida

Da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Mary Slessor tun muna firamare. An koya mana cewa ita ce Baturiyar da ta yi yaƙi da kisan tagwaye a ƙasar Kalaba. Ba a gaya mana irin gidan da ta fito ba. Can za mu koma a wannan darasi, gama 'ya'yan irin wannan gida suna zaune a majami'unmu kowace Lahadi, suna rera waƙa tare da sauran yara, mu kuwa ba mu san yadda suka kwana ba.

An haifi Mary a ranar 2 ga Disamba 1848 a Aberdeen, ƙasar Sukotland, ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta Robert mai ɗinkin takalma ne, amma giya ta cinye shi har ya kasa riƙe sana'arsa. A 1859 suka ƙaura zuwa Dundee neman aiki a masaƙu, suka sauka a unguwar matalauta, iyali duka a ɗaki ɗaya. Uwar ce ta ɗauki nauyin gidan da saƙa. Mary na da shekara 11 ta shiga masaƙar Baxter, rabin yini tana aiki, rabin yini tana makarantar da masu masaƙar suka buɗe wa yaran da ke yi musu aiki. Da ta kai shekara 14 sai ta koma aikin yini cur, daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma.

Daren Asabar shi ne daren tsoro a gidan. Ranar ake biyan ma'aikata, ranar kuma uban yake dawowa a buge. Akwai dararen da yakan kori yarinyar waje, ta yi ta yawo a titi cikin sanyi tana kuka har barci ya ɗauke shi. Gari na wayewa uwar za ta shirya 'ya'yanta tsaf su tafi sujada a ikkilisiyar Wishart, kamar babu abin da ya faru. Ita da 'yarta sun yi shekaru suna ɓoye wannan ciwo saboda kunya, kada jama'ar ikkilisiya su sani.

Bari mu dakata a nan. Uwar Mary mai bi ce ta gaske, ikkilisiyar kuma ba ta mugaye ba ce. Duk da haka matar ta ga ya fi mata sauƙi ta sha wahala a ɓoye da a ce 'yan'uwa sun ji. Mun san wannan hali sarai, mu ma muna da sunan da muke ba shi: rufin asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau in ana maganar bashi ko rashin abinci. In kuwa abin da ake rufewa shi ne ana dukan yaro har ya suma, ko wani babba yana lalata da yarinya, to asirin mai laifi ake rufewa, yaron ne yake biya. Sau nawa muka yi wa'azi a kan Afisawa 6:1, inda aka umarci 'ya'ya su yi biyayya, muka tsaya ba mu kai aya ta 4 ba, inda aka ja wa iyaye maza kunne kan tsokanar 'ya'yansu? Yaron da ke saurare yakan gane cewa mimbari yana bayan wanda ya fi ƙarfi, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

To, me ya fitar da Mary? Ilimin da ta samu kaɗan ne ƙwarai. Rabin yini a makarantar masaƙa, daga baya kuma karatun dare bayan ta gaji tiɓis. Amma ya isa ta iya karatu, da ta iya kuwa ba ta sake barin littafi ba. Takan jingina shi a kan injin saƙa tana leƙawa tana aiki, kamar yadda David Livingstone ya yi a masaƙar auduga tun kafin ta. A gida kuma uwar tana karanta musu mujallar mishan ta ikkilisiyarsu, a nan ne Mary ta fara jin labarin Kalaba, inda Hope Waddell ya buɗe aiki a 1846. Karatu ya nuna wa yarinyar cewa duniya ta fi ɗakinsu faɗi. Yaron da ake duka kullum yakan ɗauka haka kowane gida yake, haka kuma rayuwarsa za ta ƙare. Ranar da ya gane akwai wata hanya, ranar ya fara tsira.

Sai dai littafi ba ya kiran yaro da sunansa. Manya biyu sun shiga rayuwar Mary ta wajen bangaskiya, ya kamata mu gwada su. Ta fari wata tsohuwa ce, gwauruwa, da takan tara 'yan matan unguwa a ɗakinta. Wata rana ta nuna musu wutar murhu, ta ce haka za su ƙone har abada in ba su tuba ba. Tsoro ya kama Mary, ta tuba. Muna gode wa Allah da ya yi amfani da wannan, amma abin lura shi ne Mary da kanta ba ta bi wannan hanya ba a hidimarta, ƙaunar Almasihu ta riƙa sa wa a gaba. A ganinmu dalilin a fili yake. Yarinyar da ta girma cikin fargabar uba ba ta bukatar a ƙara mata wani abin tsoro.

Na biyu shi ne James Logie, wanda ta yi hidima tare da shi a aikin bishara na unguwannin matalautan Dundee. A wannan aiki aka ba ta ajin yara ta koyar, ita ma'aikaciyar masaƙa mai ƙaramin ilimi. Logie ya ƙarfafa ta ta tashi ta yi magana a taro, ya jawo ta cikin mutanen da da can take ganin sun fi ƙarfinta, ya kuma goyi bayanta lokacin da ta yi niyyar tafiya mishan. Cikin wannan hidima ce wasu 'yan daba suka tare ta, shugabansu ya riƙa wulwula dalma ɗaure da igiya yana matso da ita kusa da goshinta. Ba ta ko motsa ba. Yaran suka bi ta zuwa taron. Irin wannan tsayuwa a gaban mai barazana a gida ta koye ta, da hawaye. Sai da aka ba ta aiki sannan abin ya zama amfani ga wasu.

Wannan ne muke so ɗalibai su riƙe game da renon matashi. Tausayi kaɗai yakan bar yaro a matsayin abin tausayi. Wanda aka yi ta gaya masa shi banza ne, yana bukatar babba da zai danƙa masa wani abu na gaske, ya karanta nassi a sujada, ya riƙe ajin ƙanana, ya lura da littafin kuɗin ƙungiyar matasa, sannan babban ya tsaya kusa ko da yaron ya yi kuskure. Haka Barnaba ya yi da Yahaya Markus bayan Bulus ya ƙi tafiya da shi, a Ayyukan Manzanni sura 15. Daga baya Bulus da bakinsa ya nemi a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

A watan Agusta 1876 Mary ta shiga jirgin ruwa zuwa Kalaba tana da shekara 27. Ta koyi harshen Efik har ta ƙware, a 1888 ta shiga ƙasar Okoyong, a 1892 aka ba ta ikon shari'a a can. Ba ita ta fara yaƙi da kisan tagwaye ba, ba kuma ita kaɗai ta yi ba. A Okoyong ma wata mace 'yar ƙasa, Ma Eme, ta taimake ta ƙwarai. Amma gidanta kullum cike yake da yaran da aka yar, ta kuma matsa a kafa makarantar koyon sana'a, wadda aka buɗe a Kalaba a 1895 da sunan Hope Waddell. Ta rasu ranar 13 ga Janairu 1915.

Kada mu ce tabon ya goge. Matar da ke tsayawa tsakanin mayaƙa a daji, in ta je hutu Sukotland takan ji nauyin yin magana a taron da akwai maza, tana kuma da saurin fushi har tsufanta. Muna faɗin wannan domin mun sha ganin fastoci suna sa wanda aka cuta ya ba da shaidar cewa kome ya wuce, tun ciwon yana ɗanye. Mutum yana iya yin hidima mai albarka yana ɗingishi.

Akwai kuma inda bai kamata mu bi sawun Dundee ba. Babu wanda ya shiga tsakanin Mary da mahaifinta, mutuwarsa ce ta kawo ƙarshen abin. Mu ba mu da wannan hujja. Nijeriya tana da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, akwai kuma jami'an jin daɗin jama'a a ƙananan hukumomi. In yaro ya buɗe baki ya gaya wa fasto, a saurare shi ba tare da tsawa ba, kada a kira wanda yake ƙara a zaunar da su gaba da gaba, a fara nema masa inda zai kwana lafiya, wajen kaka ko gwaggo ko wata amintacciyar uwa a zumuntar mata. Fyaɗe da mummunan rauni ba maganar sulhun dattawa ba ce, maganar asibiti da hukuma ce. Gargaɗin Ubangiji a Markus 9:42 game da dutsen niƙa ya shafi wanda ya yi, muna kuma jin tsoro ya shafi wanda ya sani ya binne maganar. Mai renon ma a sa masa iyaka: namiji kada ya keɓe da yarinya, a yi abin a fili da sanin dattawa, gama masu cutar yara sukan shigo da rigar taimako.

Batun makaranta kuwa, dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Abin da ke fitar da yarinya daga aji zuwa talla sau da yawa ƙaramin abu ne, rigar makaranta, littafin rubutu, kuɗin jarrabawa. Ikkilisiyar ƙauye da ke iya tara buhunan masara a ranar godiyar kaka tana iya ware biyu domin wannan. A miƙa kuɗin ga makaranta kai tsaye, kada ya bi ta hannun uban da zai kai shi gidan burkutu, a kuma sa mutum ɗaya da zai riƙa duba takardar sakamakon yaron a ƙarshen kowane zango.