Ciwon Ƙirji: Ku Duba Ƙafa

Ba kowane ciwon ƙirji ne ciwon haƙarƙari ba. Akwai wani mai saurin kisa wanda yawanci daga ƙafa yake tasowa. Jini yakan daskare cikin jijiyar sha-raɓa ko ta cinya, sai gudan ya ɓalle, ya ratsa zuciya, ya toshe hanyar jini a huhu.

Farat ɗaya yakan zo. Mutum yana zaune sai haki, ƙirji yana suka in ya ja numfashi, zuciya tana bugawa fiye da sau 100 a minti. Wani har tarin jini ko suma. Ciwon haƙarƙari kuwa yakan zo da zazzaɓi mai zafi da kaki.

To, ku duba ƙafafu. In ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a mammatsa ta, kada a kira wanzami. Amma rashin kumburi bai kore cutar ba. Ku tambaya: ya daɗe a kwance bayan karaya ko tiyata? Ya sha doguwar tafiya a mota? Mai jego fa ita ce abin ji. Makonni 6 bayan haihuwa, kusan kwana arba'in ɗin nan, su ne mafi hatsari, mu kuwa sai mu ce gajiyar haihuwa ce.

A kai babban asibiti ran nan. Hoton ƙirji da aka saba ɗauka sau da yawa ba ya nuna kome. Likita zai gwada jini, ya haska jijiyoyin ƙafa, ko ya ɗauki hoton CT na huhu. Akan fara da allurar heparin, a bi da ƙwayoyi kamar warfarin, aƙalla wata 3.