Ɓarnar da ba ta ihu: yadda sunaye 15,841 suka salwanta cikin na'ura

A daren Juma'a 2 ga watan Oktoba 2020, ma'aikatan hukumar kiwon lafiyar jama'a ta ƙasar Ingila suka lura cewa lissafinsu bai cika ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar mutum 15,841 waɗanda gwaji ya tabbatar suna ɗauke da cutar korona, daga 25 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba, ba su shiga ƙidayar ƙasa ba. Su majinyatan an ba su sakamakonsu. Amma ma'aikatan da ke neman waɗanda suka yi cuɗanya da su ba su ga sunayen ba, saboda haka dubban mutane suka ci gaba da harkokinsu kwana da kwanaki, babu wanda ya gargaɗe su.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ɗakunan gwaji masu yawa ne ke aiko da sakamako kullum, hukumar kuma tana tattara su cikin Excel kafin a zuba su babban rumbun bayanai. Sai dai an yi amfani da tsohon samfurin fayil mai suna XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, alhali sabon samfurin da ya fito a 2007 yana ɗaukar layi 1,048,576. Gwaji ɗaya yana cin layi da dama, don haka fayil kan cika da mutum kamar 1,400. Duk abin da ya haura haka sai na'ura ta bar shi waje, ba tare da ta sanar da kowa ba. Maganin gaggawa da aka yi shi ne rarraba fayilolin ƙanana-ƙanana.

Wannan aiki na kwaso bayanai daga wurare dabam-dabam, a gyara su, a zuba su rumbu guda, shi masana ke kira haɗa bayanai. Da shi ake shirya albashi, da shi banki ke daidaita asusu, da shi duwan ke bin sawun kaya. Galibi injiniya ne ke rubuta wa rumbun tambaya ta musamman da harshen SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM cikin shekarun 1970: kawo sunayen kaza daga wannan jadawali, haɗa su da kuɗin kaza daga wancan. In an yi kuskuren rubutu cikin tambayar, na'ura takan tsaya ta yi ƙorafi, wannan mai sauƙin gyara ne. Mai haɗarin ita ce tambayar da ta gudana lafiya lau, ta kawo amsa a tsare, amma da giɓi a ciki.

Tarko na farko yana wajen haɗa jadawali biyu. A ce an rubuta Mahamadou cikin jerin ma'aikata, an rubuta Mahamadu cikin jerin albashi. Akawun biro ya san mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta sani ba, kuma haɗi na yau da kullum yakan watsar da duk layin da bai sami abokinsa ba. In kuwa sunan ya fito sau biyu a gefe ɗaya, sai kuɗin ya ninka. Shi ya sa ake haɗawa da lambar rajista, ba da suna ba.

Na biyu shi ne gurbin da aka bari fayau. A ƙa'idar SQL, gurbin da ba a cika ba ba sifili ba ne, abin da ba a sani ba ne. Wanda ya ce a kawo duk kayan da ba na Maraɗi ba, ba zai ga kayan da aka manta rubuta garinsu ba; sun faɗi tsakani.

Na uku al'adar rubutu ce. Bafaranshe na rubuta ɗaya da rabi 1,5, Bature ɗan Ingila na rubuta 1.5. Kwanan wata 03/04 shi ne 3 ga Afrilu a Faransa, amma 4 ga Maris ne a Amurka. Ofishin da ke karɓar takardu cikin Faransanci da Ingilishi dole ya fayyace wa na'ura wanne take karantawa.

Yaya ake gano inda ɓarna take? Ƙwararru suna farawa da ƙirge: layi nawa ya shigo, layi nawa ya fita, jimillar kuɗi nawa ce kafin da bayan. In akwai bambanci, sai su raba tambayar gunduwa-gunduwa, su gwada kowace ita kaɗai, har a ga matakin da adadin ya canja. Daga nan su ɗauki suna guda da suka tabbata ya ɓace, su bi shi tun daga tushe. A ƙarshe a tanadi wani jadawali inda duk layin da aka ƙi zai faɗa, a kuma umurci na'ura ta dakata in lissafi bai yi daidai ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. Wanda ya loda buhu 600 a mota ba ya sa hannu kan takarda sai ya ƙirga 600 a bakin sito, ko da direba ya rantse hanya lafiya. Shugaban ma'aikata da aka kawo ma jerin da na'ura ta fitar, ba sai ya iya SQL ba kafin ya yi tambaya guda: nawa suka shiga, nawa suka fito, ina sauran? In kunne ya ji, jiki ya tsira.