Maiƙon Jini a Biranen Meksiko: Gado ne ko Cimar Birni?

Maiƙo ba ya narkewa cikin jini, don haka jiki yake naɗe shi da furotin ya tura shi cikin jijiyoyi. Ƙunshin da ake kira LDL yana ɗauke da furotin apoB, shi ne mai maƙalewa a bangon jijiya har ya toshe ta. Na HDL kuwa yana tafe da apoA-I, aikinsa kwashe rarar maiƙon da ake kira kolastirol ya mayar wa hanta.

Binciken cututtuka masu daɗewa da aka yi a biranen Meksiko tsakanin 1992 da 1993 ya fito da wani abu da likitocin ƙasar suka daɗe suna juyawa. Matsalar da ta fi yawa a jikin manya ita ce ƙarancin HDL, wanda ya shafi kusan rabin maza, sai hauhawar tiragilisarayid, maiƙon da hanta ke haɗawa idan sukari ya yi yawa. Dakta Carlos Aguilar-Salinas da abokan aikinsa na cibiyar Salvador Zubirán da ke babban birnin ƙasar suna cikin waɗanda suka fi bin diddigin lamarin. Abin tsoron shi ne mutum yana iya zuwa gwaji a ce jimillar kolastirol ɗinsa daidai take, ya koma gida hankali kwance, alhali ƙwayoyin apoB sun yi yawa a jininsa.

Akwai hannun gado. Wani sauyi a ƙwayar halitta ta ABCA1, mai suna R230C, ana samunsa a zuriyar 'yan asalin nahiyar Amurka, kuma yana rage HDL. Amma wannan sauyi ya shekara dubbai a jinin mutanen da ke noman masara da wake da kabewa. Abin da ya canja cikin ƙarni guda shi ne zama da ci.

Yau kusan mutum 8 cikin 10 a Meksiko a birni suke. Ma'aikaci yana ɓata sa'o'i a cikin mota, abincin rana a bakin titi, soyayye, a kora da lemun kwalba. Bayan yarjejeniyar ciniki ta NAFTA a 1994 kayan gwangwani da na leda sun yi araha, shagunan OXXO suka cika unguwanni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 75 cikin 100 na manya nauyinsu ya wuce kima. Tumbi yana ƙara tiragilisarayid, yana danne HDL, yana kuma buɗe ƙofar ciwon sukari. A ganina nan ne nauyin laifin ya fi karkata, kuma talakan birni ne ya fi ɗaukarsa, domin shi ne ruwan famfonsa ba ya shayuwa, lemu kuma yana ƙofar gidansa.

Sakamakon yana cikin alƙaluman mace-mace: ciwon zuciya ne kan gaba a ƙasar, ciwon sukari na biye.

Gwamnati ta motsa. A 2014 ta ɗora harajin peso 1 kan kowace litar abin sha mai sukari, a 2020 ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan da sukari ko kitse ko gishiri ya yi musu yawa. Sayen lemu ya ɗan ragu. Sai dai maiƙon jini ba ya sa zazzaɓi balle ciwon kai, shi ya sa da yawa ba su san suna da shi ba, kuma gwajin apoB bai zama ruwan dare a ƙananan asibitocin unguwa ba.