Lamirin Alƙali Tsakanin Shari'a da Dokar Gwamnati a Ƙasar Kazaure

Tun daga 1819, sa'ad da Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure, alƙalan ƙasar da littattafan Malikiyya suke hukunci, watau irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Roni da Gwiwa a ƙarƙashin Kazaure suke. Babura kuwa a zamanin En'e Kano take bi, amma mazhabar ɗaya ce. A lokacin nan alƙali ba ya rarrabe abin da ke wajibinsa ga Allah da abin da ke wajibinsa ga sarki.

Da Turawa suka zo, sai suka hana haddin yanke hannu da jifa, suka bar sauran. Tsagewar ta fito fili a 1947 cikin shari'ar Tsofo Gubba, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke, domin dokar Turawa tana sassauta wa wanda aka tunzura, Malikiyya kuwa ba ta ɗauki tunzuri a kan uzuri ba.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Daga shawararsu aka tsara Dokar Final Kot, wadda ta soma aiki a 1960. Nan tambaya ta tashi: ko ya halatta alƙali Musulmi ya yi hukunci da littafin da majalisa ta rubuta? Malaman da suka yarda sun kafa hujja da babin siyasa da ta'aziri, cewa shugaba yana da ikon ƙayyade horo saboda maslaha. Waɗansu kuwa zuciyarsu ba ta kwanta ba, gama a ganinsu an ajiye haddi. Dokar ma ta kula da addinin mai laifi, don sashe na 403 Musulmi kaɗai ya hana wa shan giya. Aure da saki da gado kuma aka bar su ga fiƙihu.

A 2000 Jihar Jigawa ta mayar da hukuncin laifuffuka ga Shari'a. Amma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum sai da rubutacciyar doka, saboda haka tilas aka rubuta Shari'ar sashe-sashe, majalisa ta zartar. Alƙalin da ke zama a Kazaure ko Babura, ko haddi zai yanke, da ikon dokar majalisa yake yankewa.