Yadda Zittnet Ta Nemi Kuɗin Shiga A Kafanchan

Kamfanonin sada zumunta irin su Facebook, wanda aka kafa a 2004, sukan tara jama'a kyauta tukuna, sa'an nan su sayar wa 'yan kasuwa filin talla. A kudancin Jihar Kaduna kuwa, Gidauniyar Fantsuam ta bi wata hanya dabam.

An kafa gidauniyar a 1996, ta kuma yi suna wajen bai wa matan karkara ƙananan rance. Daga bisani, da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada, ta girka Zittnet, wato hanyar intanet marar waya a Kafanchan. Ta riƙa sayar da lokacin shiga intanet ga hukumomi da ɗaiɗaikun mutane.

A wancan lokacin, babban nauyin shi ne kuɗin hayar layin tauraron ɗan'adam, wanda dole a biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Rashin tsayayyar wutar lantarki kuma ya tilasta amfani da hasken rana. Saboda haka ɗorewar aikin ta dogara ga yawan masu biya da za su raba wannan nauyi.